Yadda Ake Ƙulla Gwamnatin Haɗaka Bayan Zaɓe, da Yadda Ake Hana Ta Wargajewa

Daren da aka gama ƙidayar ƙuri'u a ƙasar da ke bin tsarin firaminista, magoya bayan jam'iyyar da ta zo ta ɗaya su ne ke cika tituna da murna. Sau da yawa kuwa da sauran rina a kaba. A wannan tsari 'yan majalisa jama'a ke zaɓa, su kuma 'yan majalisar su ne ke ɗora gwamnati, su ne kuma ke sauke ta. Duk wanda ya iya tara fiye da rabin kujerun majalisa a bayansa, mulki nasa ne, ko da jam'iyyarsa ta biyu ta zo. A Niyu Zilan a 2017 jam'iyyar National ta sami kujeru 56 cikin 120, Labour ta sami 46, amma Jacinda Ardern ta Labour ce ta zama firaminista, domin jam'iyyar Winston Peters mai kujeru 9 da ta masu rajin kare muhalli mai kujeru 8 sun mara mata baya.

Aikin da ke biyo bayan wannan dare yana da jeri: lissafin kujeru, duba abin da doka ta tanada, tuntuɓa, rubutacciyar yarjejeniya, sannan rabon ma'aikatu a can ƙarshe. Da yawa daga cikin gwamnatocin haɗaka da suka mutu da ƙuruciyarsu, in aka bi diddigi, juya wannan jeri aka yi. An fara da wa zai zama ministan me, aka bar maganar kuɗi sai an shiga ofis.

Lissafin kujeru

Ku fara da adadin da ake buƙata. A majalisar Jamus mai kujeru 630 ana neman 316. A ta Holan mai 150 ana neman 76, a ta Isra'ila mai 120 ana neman 61, a majalisar wakilan Indiya mai 543 kuwa 272. Ku rubuta wannan adadi a saman takarda, domin duk maganar da za a yi daga baya a kansa za a auna ta.

Daga nan ku jera duk haɗin da zai kai ga adadin, har da waɗanda ranku ba ya so. Ɗauki misalin majalisa mai kujeru 200, inda rinjaye yake 101. Jam'iyyar A tana da 72, B tana da 58, C tana da 31, D tana da 22, E kuma 17. Haɗin da ke kai wa ga rinjaye ba tare da ɗauko wanda ba a buƙata ba guda biyar ne kacal: A da B, kujeru 130, A da C, 103, A da D da E, 111, B da C da D, 111, sai B da C da E, 106. Duba abin da ya fito. C mai kujeru 31 tana cikin uku daga cikin biyar ɗin, daidai da B mai kusan ninki biyu nata, daidai kuma da A da ta zo ta ɗaya. D ta fi E kujeru biyar, amma a teburin ciniki nauyinsu ɗaya ne, kowace tana cikin haɗi biyu. Ƙarfin jam'iyya a wannan lokaci yana ga yawan ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da ita, kuma wanda ya shiga tattaunawa bai yi wannan lissafi ba zai sayar da kansa da arha, ko ya tsuga farashin da ba mai biya.

Sai ku ɗauki biro ku soke haɗin da siyasa ta haramta. Jam'iyyun Beljiyam sun daɗe da alkawarin ƙin yin gwamnati da jam'iyyar Vlaams Belang mai tsattsauran ra'ayi, jam'iyyar CDU ta Jamus kuma ta zartar a babban taronta na 2018 cewa ba ta haɗaka da jam'iyyar AfD ko da ta Die Linke. In a misalinmu A ta yi wa masu zaɓenta alkawarin ba za ta zauna da C ba, to D da E sun yi tsada nan take.

Kada ku gina gwamnati a kan ratar kujera ɗaya ko biyu in da yadda za ku yi. Haɗin A da C mai 103 yana da daɗi a takarda domin jam'iyyu biyu ne za su raba ma'aikatu, amma 'yan majalisa kan yi rashin lafiya, kan yi tafiya, kan yi fushi, kan sauya sheƙa. A ranar 17 ga Afrilun 1999 gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta faɗi a Indiya da ƙuri'a ɗaya tak, 269 da 270, bayan jam'iyyar AIADMK ta janye. Gwamnatin jam'iyyu takwas da Naftali Bennett da Yair Lapid suka kafa a Isra'ila a 2021 ta sami amincewa da 60 da 59, kuma shekara guda ta yi ta ruguje, domin kowane ɗan majalisa guda ya san igiyar na hannunsa. Ratar da ta kai kujeru goma zuwa goma sha biyar a majalisa mai 200 tana ba shugaban gwamnati damar cewa a'a ga mai yi masa barazana.

Kuma ku jira sakamako na ƙarshe kafin ku ɗaure kanku da wata magana a gaban 'yan jarida, musamman inda doka ta sa ƙa'idar kason da sai jam'iyya ta kai kafin ta shiga majalisa. A Jamus kashi 5 ne cikin ɗari, a Suwidin 4, a Isra'ila 3.25. A zaɓen Jamus na 23 ga Fabrairun 2025 jam'iyyar BSW ta tsaya a kashi 4.98, ƙasa da ƙuri'a dubu goma ta rasa. Da ta tsallake, da kujerun CDU/CSU da SPD, waɗanda suka kafa gwamnati bayan zaɓen, ba su kai rinjaye ba, sai an nemo jam'iyya ta uku.

Abin da kundin tsarin mulki ya ce

Tambayoyi uku za ku kai wa lauyoyin jam'iyya tun kafin zaɓe: wa ke da ikon kiran wanda zai gwada kafa gwamnati, kwana nawa ake da su, kuma wace irin ƙuri'a ake buƙata.

Amsoshin sun bambanta ƙwarai. A Isra'ila shugaban ƙasa ne ke zaɓar ɗan majalisar da zai gwada, ya ba shi kwana 28, da ƙarin da bai wuce 14 ba. A Sifaniya sarki ne ke gabatar da ɗan takara. A zagayen farko sai ya sami 176 cikin 350, bayan sa'o'i 48 kuma ya isa masu cewa e su fi masu cewa a'a, in wata biyu suka wuce ba a sami kowa ba a rusa majalisa a sake zaɓe. A Afirka ta Kudu dole majalisa ta zauna cikin kwana 14 da bayyana sakamako, a zaman ne kuma take zaɓar shugaban ƙasa, shi ya sa a 2024 ANC mai kujeru 159 cikin 400 da DA mai 87 suka yi ciniki a gurguje. Suwidin kuwa nata salon daban ne: wanda kakakin majalisa ya gabatar ya wuce muddin mutum 175 cikin 349 ba su kaɗa ƙuri'ar ƙin sa ba. Wannan ɗan bambanci yana da girma. A irin wannan ƙasa, jam'iyyar da ba ta son a ce ta goyi bayanku tana iya ƙaurace wa ƙuri'a, ku wuce, ita ma ta tsira da mutuncinta a wajen magoya bayanta.

Inda babu wa'adi, tattaunawa kan ja. Birtaniya ta gama cikin kwana biyar a 2010. Jamus ta yi kusan wata shida bayan zaɓen 2017. Holan ta yi kwana 299 daga zaɓen Maris na 2021 zuwa rantsar da gwamnati a Janairun 2022, Beljiyam kuma kwana 541 a 2010 zuwa 2011. A duk tsawon lokacin tsohuwar gwamnati ce ke riƙon ƙwarya: tana biyan albashi, tana gudanar da abin da aka saba, amma ba ta ɗaukar sabon babban mataki.

Tuntuɓa kafin ciniki

Ku raba aikin gida biyu. Da farko tuntuɓa ce ta mutum uku zuwa biyar daga kowane ɓangare, ba takarda mai yawa, manufarta a gano ko akwai abin da zai hana zama tare. Kowace jam'iyya ta zo da jeri uku: abin da dole ta samu, abin da ba za ta taɓa yarda da shi ba, da abin da za ta iya bayarwa. Jeri na farko kada ya wuce abu uku ko huɗu. Wanda ya zo da sharuɗɗa ashirin ya ce duk dole ne, bai tantance abin da yake so ba tukuna.

A wannan mataki ne ake fito da magana mafi ɗaci, ba a ajiye ta sai ƙarshe. A 2017 CDU/CSU da FDP da Greens, wato masu rajin kare muhalli, sun kwashe makonni huɗu suna tuntuɓa a Jamus, saɓaninsu kan baƙin haure da makamashi da haraji yana nan bai warware ba, har FDP ta tashi daga teburi a daren 19 ga Nuwamba. Holan tana da dabara mai kyau a nan: majalisa kan naɗa wani dattijon siyasa ya bi shugabannin jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya ya ji ta bakinsu, sannan a naɗa mai jagorantar tattaunawa, sai a ƙarshe wanda zai haɗa majalisar ministoci, wanda galibi shi ne zai zama firaminista. Amfanin mai shiga tsakani shi ne akwai maganar da shugaba zai faɗa masa a keɓe wadda ba zai faɗa a gaban abokin hamayyarsa ba.

In tuntuɓa ta yi kyau sai a buɗe cikakkiyar tattaunawa. A kafa ƙananan kwamitoci bisa fanni, lafiya, ilimi, tsaro, noma da sauransu. Jamus ta yi amfani da 22 a 2021, 16 a 2025. A ba kowane kwamiti wa'adi da iyakar shafukan da zai rubuto. Abin da suka kasa daidaitawa su sa masa alama su miƙa sama ga shugabanni, kada su lulluɓe shi da kalmomi masu harshen damo. Ƙa'idoji biyu ake kafawa tun ranar farko: ba abin da ya tabbata sai komai ya tabbata, kuma abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Da zarar an fara tsegunta wa 'yan jarida wanda ya sassauta a kan me, kowa zai ƙanƙame matsayinsa don kada magoya bayansa su ce ya sayar da su.

Yarjejeniyar, da shafin da ya fi kowane muhimmanci

Yarjejeniyar haɗaka ba doka ba ce, ba kotun da za ta tilasta wa wani ya cika ta. Ƙarfinta yana ga yadda aka rubuta ta filla-filla aka kuma wallafa wa jama'a, ta yadda mai saɓa ta zai ji kunya kuma ya biya a akwatin zaɓe. Tsawonta ya danganta ga yawan rashin yarda da ke tsakani: ta Jamus ta 2025 shafi 144 ce.

Kowane alkawari a cikinta ya amsa tambaya huɗu: me za a yi, wace ma'aikata za ta yi, zuwa yaushe, kuma da wane kuɗi. Jimla irin "za mu duba yiwuwar rage haraji" rigima ce aka ajiye wa gobe, domin ɓangare ɗaya zai karanta ta a matsayin alkawari, ɗayan kuma a matsayin an binne maganar.

Shafin kuɗi shi ne zuciyar takardar. A nan ake rubuta jimillar abin da za a kashe kowace shekara har ƙarshen wa'adi, harajin da za a ƙara ko a rage, iyakar bashin da za a ci, da kuma abin da mutane suka fi mantawa: in kuɗin shiga ya gaza abin da aka zata, daga ina za a fara yanka, kuma da wane kaso tsakanin ma'aikatun kowace jam'iyya. A Holan akwai hukumar gwamnati mai zaman kanta, CPB, da ke lissafa abin da alkawuran jam'iyyu za su ci, don haka masu tattaunawa kan yi gardama a kan alƙaluma guda. Inda babu irinta, a kira manyan ma'aikatan baitulmali su zauna kusa da ɗakin, kowace shawara a miƙa musu su sa mata farashi kafin a amince.

Dalilin wannan naci yana cikin tarihin kwanan nan. A Jamus, haɗakar shugaban gwamnati na lokacin Olaf Scholz ta SPD da Greens da FDP ta daidaita masu son kashe kuɗi da masu ƙin cin bashi ta hanyar karkatar da Yuro biliyan 60 na rancen annobar korona zuwa asusun sauyin yanayi. A ranar 15 ga Nuwambar 2023 kotun tsarin mulki ta soke wannan dabara. Daga nan kowane zaman kasafi ya zama fagen daga, har Scholz ya sallami ministan kuɗi Christian Lindner a ranar 6 ga Nuwambar 2024, gwamnati ta rasa rinjaye. A Suwidin, majalisa ta zaɓi Magdalena Andersson firaminista da safiyar 24 ga Nuwambar 2021, da yamma majalisa ta zartar da kasafin 'yan adawa, masu rajin kare muhalli suka fice, ta yi murabus a ranar. A Afirka ta Kudu batun ƙarin harajin kayan masarufi ya sa aka ɗage gabatar da kasafi a Fabrairun 2025, DA kuma ta kaɗa ƙuri'ar ƙin tsarin kasafin a Afrilu alhali ministocinta na cikin gwamnati, har aka janye ƙarin daga baya.

Bayan kuɗi sai ƙa'idojin zama tare. A rubuta cewa 'yan haɗaka za su kaɗa ƙuri'a tare a kan kasafi da ƙuri'ar amincewa da gwamnati, kuma ba wanda zai haɗa kai da 'yan adawa ya kayar da abokin zamansa. Yarjejeniyoyin Jamus sun saba ɗauke da wannan sharaɗi. A rubuta batutuwan da aka yarda kowa ya bi ra'ayinsa a kansu, kamar yadda ake yi a Niyu Zilan, inda jam'iyya kan iya bayyana saɓaninta a fili a kan wani batu da aka ambata ba tare da gwamnati ta girgiza ba. A rubuta yadda za a yanke hukunci in an kasa daidaitawa. Takardar da jam'iyyun Afirka ta Kudu suka sa wa hannu a 2024 ta ce in ba a sami bakin kowa ba, yardar jam'iyyun da ke riƙe da kashi 60 cikin ɗari na kujerun majalisa ta wadatar. A kuma rubuta abin da za a yi da al'amarin da ba a hango ba, yaƙi ko annoba ko karyewar tattalin arziki, domin rabin abin da gwamnati za ta fuskanta ba ya cikin kowace yarjejeniya.

Rabon ma'aikatu

Abin da aka daɗe da lura da shi, tun hasashen da masani William Gamson ya yi a 1961, shi ne kowace jam'iyya kan sami ma'aikatu gwargwadon kujerun da ta kawo wa haɗakar, ƙananan kuma kan sami ɗan ƙari. Mu koma ga A da D da E masu kujeru 111, a ce ma'aikatu 18 ne. A ta kawo kashi 65 cikin ɗari, D kusan 20, E kusan 15. Rabon zai faɗo 12 da 3 da 3, ko 11 da 4 da 3 in D ta iya ciniki.

In gardama ta yi zafi a kan wa zai fara zaɓa, akwai hanyar lissafi da Ailan ta Arewa ke bi. A raba kujerun kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka har ƙasa, sannan a bi sakamakon daga babba zuwa ƙarami. Na A zai ba da 72, 36, 24, 18. Na D 22, 11. Na E 17, 8.5. Ke nan A ce za ta zaɓi ma'aikatu uku na farko, D ta ɗauki na huɗu, A na biyar, E na shida, a ci gaba. Hanyar tana kashe gardama, sai dai tana iya jefa ma'aikata a hannun jam'iyyar da manufarta ta yi hannun riga da abin da aka rubuta a yarjejeniya, don haka a riƙe ta a matsayin abin komawa in ciniki ya cije.

Ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, domin ma'aikatu ba nauyinsu ɗaya ba. Ma'aikatar kuɗi ta fi wasu uku a haɗe, tunda ba abin da wani minista zai yi sai ya bi ta teburinta. Shi ya sa abokan haɗaka kan nace a kanta: a Jamus FDP ta karɓe ta a 2021, SPD kuma a 2025 ta sami ma'aikatu bakwai har da kuɗi da tsaro, da kashi 16.4 kacal na ƙuri'u. Ga ƙaramar jam'iyya shawara ita ce ta nemi ma'aikatar da masu zaɓenta za su ga aikinta da idonsu. A ma'aikatu masu nauyi kuma a sa ƙaramin minista daga ɗaya jam'iyyar, ya zama ido da kunnen jam'iyyarsa. Haka Danny Alexander na Liberal Democrats ya zauna a baitulmalin Birtaniya tare da ministan kuɗi George Osborne daga 2010 zuwa 2015. Kowace jam'iyya ita ke zaɓar mutanen da za su cike gurabenta, kuma a rubuta cewa firaminista ba zai sallami ministan wata jam'iyya ba sai ya shawarci shugabanta.

In jam'iyyu biyu sun yi kusan kai ɗaya, akan yi karɓa-karɓa a kujerar firaminista. Ya yi aiki a Isra'ila tsakanin Shimon Peres da Yitzhak Shamir, waɗanda suka yi musaya a 1986, ya kuma yi aiki a Ailan, inda Micheál Martin ya miƙa wa Leo Varadkar a ranar 17 ga Disambar 2022. Amma wanda zai karɓa daga baya shi ke ɗauke da kasada. A 2020 a Isra'ila an yi yarjejeniya Benny Gantz zai karɓi Benjamin Netanyahu a Nuwambar 2021. Ba a zartar da kasafi ba, majalisa ta rushe da kanta bisa doka a Disambar 2020, lokacin Gantz bai zo ba. In ku ne na biyu a layi, ku toshe kowace ƙofar da za a iya rusa majalisa ta cikinta kafin ranarku, ta kasafi ce ta farko.

Komawa gida, sannan ranar ƙuri'a

Kafin a sa hannu, kowace jam'iyya ta kai takardar gida. SPD kan tambayi dukkan mambobinta: kashi 66 suka amince a 2018, sama da 84 a 2025. Tsarin jam'iyyar Greens ta Ailan ya buƙaci kashi biyu cikin uku a 2020, suka sami 76 cikin ɗari. Wannan yana cin mako biyu ko uku, amma yana da riba biyu: a teburi kuna iya cewa mambobinmu ba za su haɗiye wannan ba, kuma daga baya ba wanda zai ce ba a tambaye shi ba.

Ranar ƙuri'a kuma kada bulaliyar majalisa ta dogara da adadin da ke takarda. A bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda suka sa rai da muƙami ba su samu ba. A ranar 6 ga Mayun 2025 haɗakar Friedrich Merz ta Jamus tana da kujeru 328, yana neman 316, ƙuri'ar kuma ta sirri ce. Ya sami 310 a zagayen farko, abin da bai taɓa faruwa da wani ɗan takarar shugabancin gwamnati ba a tarihin Tarayyar Jamus tun 1949. Sai a zagaye na biyu a ranar ya sami 325.

Riƙon yau da gobe

A kafa kwamitin haɗaka na shugabannin jam'iyyu da shugabanninsu na majalisa, ya riƙa zama a kan lokaci, aƙalla sau ɗaya a wata, ko da babu rigima. Kwamitin da ba ya zama sai wuta ta tashi, kiran taronsa kaɗai kan zama labarin rikici a jaridu. A haɗakar Birtaniya ta 2010 zuwa 2015 mutum huɗu ne ke warware manyan matsaloli: firaminista David Cameron da Osborne a gefe guda, mataimakinsa Nick Clegg da Alexander a ɗaya gefen. Doka ta biyu ita ce kada abokin zama ya ji sabon shirin gwamnati a rediyo. Kowane ƙudiri ya bi ta hannun duk jam'iyyun kwanaki kafin ya isa majalisar ministoci.

Ƙaramar jam'iyya ita ta fi shan wahala a haɗaka, domin yabo kan tafi ga firaminista, zargi kuma a raba da ita. FDP ta faɗo daga kashi 14.6 a 2009 zuwa 4.8 a 2013, ta fice daga majalisa gaba ɗaya. Greens ta Ailan ta tashi daga kujeru 12 zuwa 1 a 2024. Liberal Democrats sun tashi daga 57 zuwa 8 a 2015, kuma abin da ya fi cin su shi ne kuɗin makarantar jami'a: sun yi alkawarin ƙin ƙari kafin zaɓe, yarjejeniya ta ba su damar ƙaurace wa ƙuri'a, amma a Disambar 2010 suka rabu uku, shugabanninsu suka goyi bayan ɗaga shi zuwa fam 9,000. Alkawarin da aka san jam'iyya da shi, wanda in an ambace ta shi ke zuwa zuciyar mutane, wannan ba ya shiga cikin kayan ciniki ko da za a ba ta ma'aikatu biyu a madadinsa.

Shi ya sa wani lokaci ya fi wa ƙaramar jam'iyya ta tsaya a waje. Ta yi alkawarin goyon bayan gwamnati a ƙuri'ar amincewa da gwamnati da ta kasafi kawai, ta karɓi wasu buƙatu a rubuce, sauran batutuwa kuma ta bi ra'ayinta. Jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa mai 'yan majalisa 10 ta yi wa firaministar Birtaniya Theresa May haka a 2017, ta samo wa Ailan ta Arewa ƙarin fam biliyan ɗaya. Abin da ake rasawa shi ne zama a ɗakin da ake yanke hukunci da kuma ma'aikatan gwamnati da ke shirya wa minista bayanai.

In zama ya ƙi

Kafin ku fice, ku san abin da doka za ta yi washegari. A Jamus da Sifaniya majalisa ba ta iya sauke shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Ta haka Helmut Kohl ya karɓi Helmut Schmidt a ranar 1 ga Oktoban 1982 bayan FDP ta sauya abokin tafiya, ta haka kuma Pedro Sánchez ya kayar da Mariano Rajoy da ƙuri'a 180 a Sifaniya a 2018. A irin waɗannan ƙasashe ficewarku ba ta kayar da gwamnati sai in akwai wani sabon rinjaye a shirye. In babu, firaminista zai ci gaba da mulki ba rinjaye, shi ne kuma zai fi ku iko a kan lokacin da za a koma zaɓe. A Holan kuwa ficewar babbar jam'iyya kan kai ga murabus nan take, kamar yadda aka gani a Yunin 2025 a kan batun masu neman mafaka.

Ku sake ɗauko takardar lissafin nan ta ranar farko, ku duba ko sauran na iya maye gurbinku da wata jam'iyya ba tare da zaɓe ba. A misalinmu, in E ta fice daga haɗin A da D da E, A na iya juyawa ga C su sami 103, E ta wayi gari a kujerun adawa, D ma ta zama ba dole ba ce. Sannan ku tabbata dalilin ficewar abu ne guda da ke rubuce a yarjejeniya, mai shafi da layi, wanda ɗan jam'iyya zai iya bayyana wa mai zaɓe a jimla ɗaya. Ku kai shi kwamitin haɗaka a rubuce, ku ba da wa'adi, ministocinku kuma su miƙa takardun murabus tare a rana ɗaya.